Gahawa da Nescafé a teburin mai shayin Rigachikun: asalinsu, yadda ake sha, da inda kuɗin ke tafiya

Wanda ya zauna a bencin mai shayi a Rigachikun ya ce a ba shi kofi, ya bar wa mai teburin aikin fassara. A Hausa kofi shi ne mazubin da ake shan abu a ciki, na silba ne ko na roba ko na tangaran, kuma da wannan ma'anar kunnen mai shayi ya saba. Saboda haka mai son abin shan da Turawa ke kira da wannan suna yakan ambaci sunan da ke jikin gwangwani, ya ce Nescafé. Wanda kuwa ya ce gahawa, wani abu dabam yake nufi: ruwa mai zafi da ƙamshin kayan yaji, wanda ake tsiyayowa daga buta a zuba a ɗan finjali, a kurɓa a hankali.

Rigachikun tana cikin ƙaramar hukumar Igabi, a bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, gaba kaɗan da Kawo. A nan Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa take da hedikwatarta, a nan kuma filin baje kolin kasuwar duniya ta Kaduna yake. Direbobin da suka nufi Kano ko Jos, da masu Keke Napep, da leburorin lodi, da masu gadi, da ma'aikatan da ke sammako zuwa cikin gari, duk ta nan suke bi. Irin wannan wuri ba ya rabuwa da mai shayi, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sannan daga magariba zuwa tsakar dare. Abin da ake zubawa a kofunan nan yana da tarihi mai nisa, kuma kusan dukkansa jirgin ruwa ne ke kawo shi, a ƙasar da take da tsaunin da itacen ke iya yi.

Kalma ɗaya da ta iso ta hanya biyu

Asalin itacen nau'in arabika dazukan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne. Shan sa a matsayin dafaffen abin sha ya fara bayyana a rubuce a ƙarni na 15 tsakanin Sufayen Yaman, waɗanda ke amfani da shi don kore barci a daren zikiri. Larabawa suka kira shi ƙahwa. Daga tashar jiragen ruwa ta Moka ya bazu zuwa Makka da Alƙahira da Istambul, inda Turkawa suka ce kahve. Daga bakin Turkawa kalmar ta shiga harsunan Turai, ta zama abin da Bature ya zo mana da shi.

Ke nan gahawa da kofin Turawa kalma ɗaya ce, ta bi hanya biyu ta haɗu a ƙasar Hausa. Ta farko ta gabas ce, hanyar alhazan ƙafa da ke ratsa Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Da yawa daga cikinsu sun zauna a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da hijira har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu. A Sudan ana dafa gahawa da citta a tulun yumɓu mai dogon wuya da ake kira jabana. Hanya ta biyu ta teku ce, ta Legas da kantunan kamfanonin Turawa, kuma ita ce ta kawo garin da ke narkewa nan take a ruwan zafi.

Yadda ake oda

Teburin mai shayi ba shi da takardar jerin abin sha, gwangwanayen da aka jera a gaba su ne jerin. Akwai Lipton ko Top Tea, akwai Milo da Bournvita, akwai madarar ruwa ta Peak ko Three Crowns da ta gari irin Cowbell, akwai sukari, ga kiret ɗin ƙwai da burodi da kwalin Indomie, sai kuma gwangwanin Nescafé, wanda galibi shi ne mafi ƙanƙanta a teburin kuma shi ya fi daɗewa bai ƙare ba. A gefe tukunyar ruwa tana kan wuta, sau da yawa an riga an jefa mata citta da kanumfari.

Sallama ake fara yi, ga mai teburin da waɗanda aka tarar. Wanda ya tsallake wannan ya fara da oda, za a ba shi abin da ya nema, amma an riga an san baƙo ne. Matashi yakan ce, "Malam, a haɗa min shayi," idan kuma mai shayin dattijo ne ya ce Baba. Kalmar aikin ita ce haɗi, domin kowane kofi a gaban mai shi ake haɗa shi, kuma kuɗinsa ya danganta da abin da aka zuba. Ruwan bunu shi ne wanda babu madara, mafi arha a teburin. Haɗin kauri shi ne wanda aka sakar wa madara da Milo har cokali ya ji nauyi. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai da yawa, mai sha ne ke faɗin nasa: madarar ruwa ko ta gari, rabin gwangwani ko cikakke, sukari kaɗan ko a cika hannu.

A cikin wannan tsari Nescafé ƙari ne. Ba kasafai ake neman sa shi kaɗai ba. Abin da aka fi ji shi ne, "A sa min Nescafé kaɗan," sai mai shayi ya ɗebo da bakin cokali ya barbaɗa a kan shayin da ya riga ya haɗa da ganye da madara. Bature ko Bahabashe zai ga wannan a matsayin gamin gambiza, ganyen shayi da garin kofi da koko a mazubi ɗaya, amma mai sha ya san abin da yake nema: ɗumi da ƙoshi daga madara da sukari, da kuma abin da zai buɗe masa ido. Masu shan sa baƙi ƙirin ba madara su ne waɗanda dare ke gabansu, direban babbar mota, mai gadi, ɗalibin da jarrabawa ta matso. Su kan faɗa a fili, "Nescafé zalla, ba madara," domin in ba a faɗa ba hannun mai shayi da kansa yake kai wa gwangwanin madara.

Akwai kuma ƙaramar leda mai haɗe da kofi da madara da sukari wuri ɗaya. Ta sauƙaƙa lissafi, tunda farashinta sananne ne kuma babu gardamar ko cokalin ya cika, sai dai ta ƙwace wa mai sha ikon cewa a rage sukari.

Bayan haɗi sai fifitawa. Mai shayi yakan ɗaga kofi ɗaya sama ya tsiyayo a wani, ya mayar, sau uku ko huɗu, har zafin ya sauka, sukarin ya narke, kumfa ta taso. Wanda yake sauri yakan ce a fifita masa sosai. Wanda zai kai gida kuma a ƙulla masa a leda, ko ya zo da kofinsa mai murfi. Biya a ƙarshe ake yi, bayan an sha. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare a teburan, har za ka ga lambar asusun OPay ko Moniepoint a rubuce jikin kwali an jingina da gwangwani. Littafin bashi kuwa yana nan yadda yake, kuma shi ne ma'aunin da ya fi kowane nuna halin da unguwa ke ciki.

Gahawar buta

Gahawar da alhazai suka saba da ita a Makka da Madina ba baƙa ba ce. Sama-sama ake gasa 'ya'yan, a daka, a dafa da wata ƙwayar ƙamshi da Larabawa ke kira hel, ta fito ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba sukari, a sha da dabino. Ana zuba ta kaɗan a ƙasan finjali, a miƙa da hannun dama, kuma mai zubawa ba ya dainawa sai baƙo ya girgiza finjalinsa. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya. A gidajen da aka saba zuwa Umara, garin gahawa yana cikin tsarabar da ake dawowa da ita tare da dabino da zamzam, kuma an fi fito da shi a watan azumi, musamman a goman ƙarshe da ake tsayuwar dare.

Abin da matasa ke sayarwa a bakin titi da sunan gahawa ya fi wannan faɗi. Buta ce a kan gawayi, da ƙananan kofuna, da haɗin da kowane mai sayarwa yake riƙe da sirrinsa: citta, kanumfari, masoro, kimba, girfa, na'a-na'a, wani da garin kofi a ciki, wani da ganyen shayi kawai. Sunan ya tashi daga na itace ya koma na duk wani ruwan zafi mai yaji da ake sha a ƙaramin kofi. Ya kuma yi makwabtaka da shayin Buzaye, koren ganyen da ake dafawa sau uku a 'yar ƙaramar buta, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi.

Rashin sanin abin da ke cikin butar shi ne inda matsala take. Sinadarin kafin da ke cikin kofi ba abin tsoro ba ne ga lafiyayyen baligi idan bai wuce kima ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa ma'aunin a miligiram 400 a yini, mai juna biyu kuma 200, wato kimanin kofi huɗu zuwa biyar na garin da ke narkewa ga na farko, rabin haka ga ta biyu. Wanda ya ɗora goro da lemon ƙara kuzari na gwangwani a kan wannan, lissafinsa ya canja. Mafi muni shi ne wanda ke neman a jefa masa ƙwaya a ciki. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma tiramadol na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Kafin yana jinkirta jin barci ne kawai, bashin barcin yana nan, kuma direban da ya taso daga Legas yakan biya shi a kan hanya.

Goro ya riga shi zama

Mai tambayar dalilin da ya sa kofi bai yi jijiya a ƙasar Hausa ba kamar yadda ya yi a Habasha, amsarsa tana cikin faifan mai goro. Shi ma goro yana ɗauke da kafin, kuma ƙarnuka kafin gwangwanin farko ya iso, fatake na kai da komo tsakanin Kano da Gwanja suna ɗauko shi a kan jakuna. Duk aikin da kofi ke yi a wasu al'ummu, goro ya riga ya karɓa a nan: shi ake miƙa wa baƙo, shi ake rabawa a ɗaurin aure da suna, shi malami ke tauna a daren karatu, har sunansa ya zama na kyauta da tukuici. Ba ya bukatar wuta ko ruwa ko kofi. Da abin sha mai zafi ya zo kuma, hannun Ingilishi ya biyo, su kuwa mutanen ganyen shayi ne. A ƙasashen da Faransa ta mallaka labarin ya ɗan bambanta, shi ya sa teburin karin kumallo a Maraɗi ko Yamai ya fi na Kaduna sabawa da kofi da madara.

Senegal ta nuna cewa abin yana iya zama na gida. Kofin Touba, wanda mabiya ɗariƙar Muridiyya ke dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba, 'ya'yan kofi ne da ake gasawa tare da kimba, wannan dai kimbar da ke cikin yajinmu, a tace a sayar a ƙananan kofuna a kowane lungu na Dakar. A nan ake gasa shi, a nan ake niƙa shi, ribar wannan aikin tana zama a hannun 'yan ƙasa.

Majalisa da hukuma

Bahaushe ya riga ya yanke wa wurin hukunci da ya ce labarin teburin mai shayi, yana nufin zancen da ba shi da tushe. Hukuncin ya yi tsauri. Ga matashin da ba shi da falo, ba shi da kuɗin shiga otal, bencin nan shi ne wurin da zai zauna awa biyu da kuɗin kofi ɗaya, ya ji abin da rediyo ya faɗa, ya ji fassarar direban da ya kwana a hanya, ya yi musu kan gwamna da sanata. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa lokacin zaɓe ba a rasa wanda zai tsaya ya biya wa kowa. A Nijar irin wannan zama na matasa a gefen butar shayi, wanda suke kira fada, ya yaɗu a Yamai da Damagaram tun shekarun 1990, daidai lokacin da aka buɗe fagen jam'iyyu da yawa kuma aikin gwamnati ya yi wuya.

Masu mulki sun daɗe suna zargin duk inda talakawa ke taruwa ido biyu. A 1511 wakilin sarautar Mamluk a Makka, Khair Beg, ya hana shan gahawa da taruwa dominta, hanin da bai yi ƙarko ba. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya rufe gidajen gahawa na Istambul a 1633. A ƙarshen Disambar 1675 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba da umarnin rufe na ƙasarsa bisa zargin ana yaɗa ƙarya game da gwamnati a cikinsu, sai dai bai cika mako biyu ba ya janye. A Kaduna ba a taɓa bukatar doka ta musamman a kan mai shayi ba, dokar hana fita ta wadatar. Kullen annobar korona da aka fara a jihar a ƙarshen Maris 2020, da dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Kaduna da Zariya lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, duk sun kashe wutar tukunyar. Mutumin da jarinsa ke juyawa kullum, wanda kuɗin burodin gobe ke cikin cinikin daren yau, kwana uku a rufe ya isa ya cinye uwar kuɗin.

Abin da ke cikin kofin, da dala aka saye shi

An fara sayar da Nescafé a Siwizalan ranar 1 ga Afrilu, 1938, bayan da Barazil, wadda kofi ya yi mata kwantai sakamakon karyewar kasuwannin duniya ta 1929, ta nemi kamfanin Nestlé ya samo hanyar adana shi. Dabarar ita ce a dafa kofin a masana'anta, a busar da ruwan ya koma gari. Galibi da nau'in robusta ake yin sa, wanda ya fi arabika ɗaci da arha, kafin ɗinsa kuma ya kusa ninka nata. Kamfanin yana da masana'antar Nescafé a Abijan, wadda ke ciyar da kasuwannin Afirka ta Yamma da kofin manoman Kodebuwa.

Sauran kayan teburin ma haka suke. Mafi yawan sukarin da ake tacewa a Legas ɗanyensa daga Barazil yake zuwa, duk da shirin wadata ƙasa da sukari da gwamnatin tarayya ta amince da shi tun 2012. Madarar gwangwani da ta leda akasari da garin madarar waje ake haɗa su, a ƙasar da ke da miliyoyin shanu. Alkamar burodi da ta taliya daga waje take. In aka cire ruwa da ƙwai da citta, wadda kudancin Kaduna ke nomawa, kaɗan ne ya rage a teburin da ba a biya kuɗinsa da dala ba.

Shi ya sa matakai biyu na 2023 suka sauka a kan bencin kai tsaye. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ana cikin haka kofin kansa ya yi tsada a duniya saboda fari a Biyetnam da Barazil, ƙasashe biyun da suka fi kowa noma shi, har a Fabrairun 2025 farashin arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 kan kowane laba, karo na farko a tarihi. Mai shayi ba ya iya ɗora duk wannan a kan abokin cinikin da mafi ƙarancin albashinsa, in ma yana da albashi, naira 70,000 ne. Sai ya rage a cokali. Mai sha kuma ya sauko mataki-mataki, daga madarar ruwa zuwa ta gari, daga haɗin kauri zuwa ruwan bunu.

Mambila

Najeriya tana noma kofi. Robusta na yi a Kogi da Ondo da Ekiti da Kuros Riba. Arabika, wadda ke son sanyi da tudu, tana yi a wasu sassan Filato, sannan a tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,600 daga teku. A kan wannan tsauni ne gonar shayi ta Kakara take, inda ake yin Highland Tea. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita aka ɗora wa binciken kofi da goro da shayi da yazawa, kuma tana da reshe a Kusuku a kan tsaunin.

Duk da haka abin da ƙasar ke samarwa a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da Habasha ke samarwa ba. Dalilan sanannu ne. A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da Hukumar Koko wadda ita ke sayen kofi. Hukumomin suna da laifinsu, domin sun sha biyan manomi ƙasa da abin da kayansa suka cancanta, amma da su ake samun tabbacin mai saye da tantance inganci, kuma ba a kafa komai a gurbinsu ba. Shekara uku bayan haka, a Yulin 1989, tsarin kason fitarwa na yarjejeniyar kofi ta duniya ya rushe, farashi ya faɗi warwas. Itacen kofi yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Manomin da ba shi da tabbacin wanda zai saya, ga rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya a tsaunin, ga hanya ɗaya tilo mai hawa da kwana-kwana da ta bi ta Bali da Serti zuwa Gembu, ba shi da dalilin da zai jira shekara huɗu alhali masara na biyan sa cikin watanni.

A ganina babbar asarar ba ta fitarwa waje ba ce, ta kasuwar gida ce. Habasha tana shanye kusan rabin abin da take nomawa, don haka manominta yana da mai saye ko kasuwar duniya ta juya baya. A nan kuwa dubban tebura daga Rigachikun zuwa Sakkwato suna sayar da kofi kowane dare, kuma babu wata hanya da ta haɗa su da Gembu.

Ƙanƙantar noma ba ita ke hana daraja ba, kuma misali mafi ban mamaki yana tsakiyar teku. Saint Helena tsibiri ne a kudancin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Nan Ingilishi suka tsare Napoleon daga 1815 har mutuwarsa a 1821, nan kuma suka kai sarkin Zulu Dinuzulu a 1890. Kafin jiragen saman fasinja su fara sauka a Oktoban 2017, sai an yi kwana biyar a jirgin ruwa daga Cape Town ake isa. A 1733 aka kai irin kofi tsibirin daga Moka, kuma nisan wurin ya sa irin ya zauna bai gauraya da wani ba. Abin da ake girbewa a shekara kaɗan ne ƙwarai, amma yana cikin mafi tsada a duniya, domin mai saye ya san sunan wurin, ya san irin, ya san yadda aka wanke aka shanya.

Wannan aiki na suna da tantancewa hukuma ce ke tsaya masa. Habasha ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks a 2006 da 2007 kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har aka kai ga yarjejeniya. Ruwanda, bayan kisan kiyashin 1994, ta zuba jari a wuraren wanke 'ya'yan kofi a karkara, ta koma sayar da mai inganci, kuma a 2008 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta karɓi gasar tantance kofi ta Cup of Excellence. A Najeriya 'yan ƙananan kamfanonin gasa kofi da suka ɓullo a Legas da Abuja da Jos sun fara sayen na Mambila da na Filato suna ƙullawa da sunan wurin, sai dai farashinsu na masu shiga manyan kantuna ne. Irin wannan gari kuma ba ya narkewa a ruwa, sai an dafa an tace, wato mai shayin da zai sayar da shi yana bukatar buta ta biyu da mataci, da kuma dillalin da zai kawo masa shi Kawo a awon da jarinsa zai iya ɗauka.